Kogon Kukar Tudun Marina

Naja'atu ba ta so zuwa ba. Tun farkon mako 'yarta Aisha Humaira take bin ta da maganar, a shago, a madafi, har da lokacin da take alwala.

"Umma, ranar Asabar fa za a sare kukar Tudun Marina. In aka sare ta, shi ke nan, sai dai labari. A ce garin da aka haife ki, ni ban taɓa taka shi ba?"

"Me kika ajiye a can?"

"Tarihi mana. Malaminmu ya ce babu kuka mai shekarunta tun daga nan har Dandume. An kewaye dandalin, an yi wurin shaƙatawa, har da ɗakin ajiye kayan da."

Naja'atu ta ci gaba da ninke atamfa. Shagon zannuwa gare ta a kasuwar Funtua, shekarunta sun doshi hamsin, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta son a ambaci Tudun Marina. A can aka haife ta. Mahaifinta Hussaini marini ne, yana da ramukan rini a karofin da ke gefen dandali. Tana ƙarama ƙwarai, wata damina, aka wayi gari babu shi. An nema a dangi, an nema a kasuwanni, an duba rafi da rijiyoyi. Daga baya wani ya ce ya gan shi a tashar jirgin ƙasa ta Funtua da jaka a kafaɗa. Wani direba kuma ya ce ya hango shi a Kurmi, can kudu, ya yi ƙiba, har da sabuwar mata. Mahaifiyarta Hajjo ta jira har jira ya gaji, alƙali ya raba auren, ta auri wani manomi a Ƙarfi ta tafi da 'yarta. Can Naja'atu ta tashi agola, yara na kiran ta 'yar wanda ya gudu.

Ba ta tuna fuskarsa. Abin da ta riƙe shi ne hannuwansa, shuɗi har gwiwar hannu, da ɗan ɗingishin da yake yi. Ya taɓa faɗowa daga motar auduga yana saurayi, aka kai shi asibiti Zariya, likitoci suka sa masa ƙarfe a ƙwauri. Shi ya sa ake ce masa Hussaini Mai Ƙarfe.

Mijinta Alhaji Maitama ne ya sa baki daren Juma'a. "Ki kai ta mana. Yarinya karatun tarihi take yi, ba yawon banza ba ne. Ku dai fita da wuri, ku dawo kafin la'asar, kin san halin hanya."

Da safe suka hau mota zuwa Maska, daga nan suka hau mashin. Damina ta kusa ƙarewa. Masara ta bushe a tsaye, dawa ta fitar da kai, auduga ta yi fure gona bayan gona. Aisha Humaira tana ta ɗaukar hoto da waya. Naja'atu ta riƙe gyalenta da hannu ɗaya tana duban hanya, ba ta gane ko itace ɗaya ba. Sai da suka hau wani ɗan tudu ta hango kukar, ta fi duk rufin garin tsawo.

Dandalin ya cika da mutane. An zagaye shi da gajeren gini mai fenti fari da kore, an sa ƙofar ƙarfe, an jera kujerun siminti, ga lilo na yara a wani gefe. Masu sayar da gyaɗa da dafaffiyar masara sun baje kamar ranar kasuwa. An ɗaura igiya kewaye da kukar don kada a matsa kusa. Mutum goma in suka riƙe hannu ba za su zagaye gindinta ba. Wata tsaga ta taso tun daga ƙasa har inda rassa suka rabu, baƙin ruwa na tsattsafowa daga cikinta.

Wani tsoho siriri mai farin gemu ya tare su a bakin ƙofa. Shi ne mai kula da wurin, sunansa Malam Awaisu.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Daga ina?"

"Daga Funtua, Baba," in ji Naja'atu a taƙaice.

"Madalla. Kun zo a kan gaɓa. Ku zo in zagaya da ku kafin masu inji su fara."

Ya fara kai su ɗakin kayan da. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga biyu. Ga masaƙa an kafa ta kamar mai ita ya fita ne ya dawo, ga mazari da abawa, ga wani gwado saƙi da asu ya ci gefensa, ga tsohon sikelin da ake auna auduga da shi lokacin da dandalin nan ne kasuwar auduga ta ƙauyukan kewaye. Aisha Humaira tana tambaya, tsohon na amsawa da jin daɗi, kamar wanda ya daɗe bai sami mai saurare ba. Ya nuna musu inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, da inda ake dambe bayan kaka, da wani dutse mai rami inda fatake ke shayar da jakuna.

Daga nan ya kai su karofi. Ramukan rinin suna nan a jere, an share su, an sa wa kowanne murfin raga. Babu ruwa babu baban rini a ciki, sai busassun ganye.

"Ni ma nan na ci abinci," in ji shi, ya miƙa hannuwansa kamar shuɗin na nan har yanzu. "Da in kin zo nan sai kin toshe hanci. Warin baba da toka, ga mahauta can baya. Amma kuɗi na nan. Har daga Agadas ake zuwa sayen turkuɗinmu."

"Baba, su wa da wa ke da ramukan?" Aisha Humaira ta tambaya.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sandarsa yana kiran sunaye, kowanne ya ce Allah ya ji ƙansa. Da ya zo kan na ƙarshe, wanda ya fi kusa da kukar, sai ya ɗan tsaya.

"Wannan na abokina ne, Hussaini Mai Ƙarfe. Shi ba mu san ko yana raye ko ya mutu ba. Duniya ya shiga. Ya bar mata da 'yar ƙaramar yarinya, ko sallama bai yi mini ba, ni da muke cin tuwo akushi ɗaya."

Aisha Humaira ta juyo da sauri ta dubi uwarta. Naja'atu ta matse mata hannu, ta girgiza kai kaɗan. Ta tsaya tana duban ramin, ta rasa abin da take ji, ko haushi ne ko kunya.

"Ita kuma kukar?" ta ce, don a sauya magana.

"Kukar Magajiya ke nan. Ta girmi garin. An ce wata mata ce ta sauka a gindinta da ayarinta, ta ce nan za a zauna. Tun kakanni aka hana hawanta. Ba a ɗibar ganyenta, ba a tsinkar 'ya'yanta sai wanda ya faɗo. Wasu na cewa iskoki, malamai na cewa camfi ne, amma dai ba wanda ke hawa. Akwai ƙudan zuma can sama tun muna yara, ba wanda ya taɓa su. Bara suka tashi suka bar ta, sai muka san ta zo ƙarshe." Ya nuna daɓen simintin da aka yi har jikin gindin. "Ɗan kwangilar da ya yi ginin nan ya datse mata saiwoyi wajen haƙa harsashi. Ruwan bana ya ƙarasa ta. In ba a kayar da ita ba, wata rana kan yara za ta faɗo."

Da hantsi ya ɗaga, dagacin garin ya iso da liman. Aka yi addu'a, tsofaffi na share ido. Aka matsar da mutane baya har jikin katanga. Masu aiki suka ɗaura igiyoyi masu kauri a manyan rassa suka haɗa da tarakta, mutum biyu suka tayar da injin yanka. Naman kuka laushi gare shi kamar soso, inji na shiga sai ya shaƙe, a zare a sake. Ba su yi nisa ba aka ji wata ƙara daga cikin itacen, doguwa, kamar kukan tsohuwar ƙofa.

"Ku gudu! Ku gudu!" wani ya yi ihu.

Masu injin suka yar da shi suka ruga. Kukar ta tsage gida biyu tun daga sama. Rabi ya tsaya, rabi ya kwanta a hankali, sannan ya faɗi gaba ɗaya kan katangar gabas. Ƙasa ta girgiza har Naja'atu ta ji a haƙoranta. Jemagu suka fito baƙi ƙirin suna karo da juna da rana tsaka, mata suka yi ta salati, yara na kuka. Wani wari ya biyo baya, na ruɓaɓɓen itace da kashin jemage da tsohon kaki.

Da ƙura ta lafa sai aka ga ashe cikinta duk kogo ne, faɗinsa ya kai ɗaki, tun daga sama inda rassa suka rabu har ƙasa. Ba shi da ƙofa ta ko'ina sai ta can saman. Mutane suka fara matsowa da wayoyi a hannu. Ɗaya daga cikin masu aikin ya taka kan ɓangaren da ya faɗi, ya leƙa ciki, ya sa ƙafa ya ture tarin busasshen saƙar zuma. Sai ya daskare. Ya ja da baya har ya faɗi zaune.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mutum ne! Wallahi mutum ne a ciki!"

Wuri ya kaure. Wasu suka yi ƙofa da gudu, wasu suka danno gaba. Naja'atu ta riƙe Aisha Humaira gam, turereniya ta kai su gaba ba da sonsu ba, har ta hango abin da ke ciki da idonta. A ƙasan kogon, cikin baƙar ƙasa mai laushi, ga ƙoƙon kan mutum ya yi ja kamar an shafa masa lalle, ga haƙarƙari a gefe.

"Tsafin mutanen da ne," in ji wata mata a bayansu. "Dama an ce da mutum aka kafa garin."

"Ke rufe mana baki," wani ya ce.

Dagaci ya sa aka mayar da igiya, aka kira 'yan sanda ta waya. Ba wanda ya tafi gida. Masu masara suka bar tukwanensu. Malam Awaisu yana tsaye ya dogara da sanda, yana ta cewa, "Ikon Allah. Mu da muke zaune a nan kullum. Ikon Allah."

"Umma, mu tafi ko?" in ji Aisha Humaira.

Naja'atu ta so ta ce e, amma ta ci gaba da tsayuwa tana kallon kogon.

Wajen azahar 'yan sanda biyu suka iso a kan mashin, tare da wani ma'aikacin asibiti mai suna Murtala. Ya sa safar hannu ya shiga kogon, aka shimfiɗa sabuwar tabarma a waje. Abin da ya fara miƙowa bokitin ƙarfe ne, tsatsa ta cinye gindinsa. Sai wata 'yar wuƙa ba ƙota. Sai takalmi ƙafa ɗaya, irin wanda ake yankawa daga tayar mota.

Surutu ya ragu. Mutanen wancan zamani ba su san tayar mota ba. Kowa ya gane wannan ba gawar zamanin Magajiya ba ce.

Murtala ya shiga fito da ƙasusuwan ɗaya ɗaya yana jerawa a tabarma da bismilla. Da ya ɗago wani dogo sai ya tsaya, ya goge shi da yatsa, ya juya shi wajen haske.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa dagaci, "wannan an taɓa yi masa aiki a asibiti. Ga ƙarfe nan a ƙwaurinsa, da kusoshi."

Sandar Malam Awaisu ta faɗi. Ya yi taku biyu, ya tsugunna gaban tabarmar, ya kai hannu kamar zai taɓa ya fasa. Can ya ce, da wata irin murya siririya, "Hussaini. Hussaini ne. Wayyo Allah, Hussaini ne."

Naja'atu ba ta san lokacin da ta tsallake igiya ba. Ɗan sanda ya ce, "Hajiya, koma baya," ba ta ji shi ba. Ta durƙusa kusa da tsohon. Ƙarfen siriri ne, bai fi tsawon tafin hannu ba, ya yi dushi-dushi amma bai yi tsatsa ba.

"Baba," ta ce, "ka tabbata?"

"Ni na yi jinyarsa a Zariya. Ƙafar hagu. Duk garin nan ba wanda aka taɓa sa wa ƙarfe sai shi." Ya ɗago ya dube ta, ido jajur. "Ke wace ce, 'yar nan?"

"Ni ce Naja'atu."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗora hannu biyu a ka ya fashe da kuka kamar yaro. Maganar ta bi taron daga baki zuwa baki: 'yarsa ce, 'yar Hajjo ce, ga ta nan. Tsofaffin mata suka matso suna leƙen fuskarta suna tafa hannu. Ita Naja'atu ko ɗigon hawaye babu. Ta dubi kogon, ta dubi ramin rinin da aka nuna mata ɗazu. Tsakaninsu bai fi a jefa dutse ba.

"A nan yake," ta ce. "Duk shekarun nan a nan yake."

"A gindin nan muka zauna muna shawarar inda za a neme shi," in ji Malam Awaisu cikin kuka. "Bayanmu jingine da ita. Daminar nan an yi wani wari, muka ce ramin rini ne ya lalace, wasu suka ce daga mahauta ne. Ungulu suka yi ta sauka a sama, muka ce ai dama wurinsu ne. Wa zai kawo a ransa? Itacen da ba a hawa?"

Wata tambaya ta taso wa Naja'atu. Ta juya wajen Murtala.

"Malam, don Allah gaya mini gaskiya. Ya daɗe a ciki da rai? Ya yi kira ba a ji ba?"

Murtala ya ɗauki ƙoƙon kan a hankali ya nuna mata wata tsaga ta baya. "Hajiya, Allah ne masani. Amma daga can sama zuwa nan da nisa, kuma da ka ya sauka. A ganina bai ma san ya iso ƙasa ba."

Ta gyaɗa kai. Ba ta sani ba ko don ya kwantar mata da hankali ya faɗa, ba ta kuma sake tambaya ba.

'Yan sanda suka yi tambayoyinsu, dattawan gari suka ba da shaida, aka kai ƙasusuwan zauren dagaci aka rufe da farin ƙyalle. Aka ce in babban jami'i ya amince, gobe da safe za a yi sutura. Aisha Humaira ta kira babanta tana kuka har bai gane abin da take faɗa ba sai da ta maimaita. Kafin la'asar Alhaji Maitama ya iso da mota.

"Mu kira Inna Hajjo a waya?" ya tambaya.

"A'a," in ji Naja'atu. "Wannan ba maganar waya ba ce. Kai ni Ƙarfi."

Suka wuce Funtua, suka ɗauki hanyar Malumfashi, rana ta yi ja lokacin da suka tsaya ƙofar gidan. Inna Hajjo tana tsakar gida kan tabarma tana ɓarar masara a faranti, kaji na kewaye da ita. Ta tsufa, mijinta na biyu ya daɗe da rasuwa, amma idonta garau. Tana ganin fuskar 'yarta ta ajiye masarar.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

Naja'atu ta zauna a ƙasa gabanta. Ta shirya maganar tun a mota, amma duk ta watse.

"Inna, daga Tudun Marina muke. An kayar da kukar dandali yau."

"To?"

"Akwai kogo a cikinta. An sami mutum a ciki. Ƙasusuwa. Da ƙarfe a ƙafarsa ta hagu."

Tsohuwar ba ta motsa ba. Wata kaza ta sa kai cikin farantin tana ci, ba ta kore ta ba. Aka daɗe a haka, har Aisha Humaira ta matso ta dafa ta tana cewa, "Inna? Inna?"

"Da bokiti?" in ji Hajjo a hankali.

Naja'atu ta zaro ido. "Wa ya gaya miki?"

"Da bokiti ko babu?"

"Da shi. Da wuƙa."

Hajjo ta rufe fuska da gefen zanenta. Sautin da ya fito daga bakinta Naja'atu ba ta taɓa jin irinsa ba, ko ranar da mijinta na biyu ya rasu. Matan gidan suka fito da gudu, Alhaji Maitama daga zaure yana tambayar ko lafiya. Da ƙyar Hajjo ta iya magana.

"Tari kike yi. Tarin nan mai shiƙa, har kina shiɗewa. Aka ce a ba ki zuma da man shanu. Aka nema a gari babu. Bayan isha ya ɗauki bokitina ya ce mini, bari in samo wa yarinyar nan zuma. Na ce a ina da daren nan? Ya yi dariya ya ce ke dai ki dafa ruwa." Ta ja numfashi. "Na ɗauka gidan wani mai amya zai je a ƙauye. Da aka ce an gan shi a tasha, sai na ce ashe dabara ce ya yi mini, bokitin ma don kada in zarge shi ne. Na faɗa wa mutane ya ce zai nemo zuma, aka bi duk masu amya aka tambaya. Ba wanda ya ɗaga kai sama. Ni ma kullum ta gindinta nake wucewa zuwa rijiya."

Sai a lokacin kuka ya zo wa Naja'atu. Ta kifa kai a cinyar uwarta, mace mai 'ya'ya manya, tana yi har da shessheƙa.

"Na zage shi, Inna. Ranar ɗaurin aurena da aka rasa uban da zai ba da ni, na ce Allah ya isa."

"Ni na koya miki," in ji Hajjo. "Ni na fi ki. Allah ya yafe mana." Ta share fuska ta dubi ƙofa. "Ku ɗauko mini mayafina."

"Inna, magariba ta yi. Sai da safe," in ji Naja'atu.

"To da asuba. Kada a sa shi a ƙasa ban iso ba."

Washegari suka koma da ita. Rabonta da garin tun tana da ƙuruciya. Ta ce a tsaya a dandali tukuna. Ta sauka, ta dafa kafaɗar jikarta, ta taka har bakin kogon. An share wurin, sai baƙar ƙasa da ɓaraguzan katanga. Ta ɗaga kai ta dubi rabin da ya rage a tsaye, har can inda rassa suka rabu. Malam Awaisu ya nuna mata wasu 'yan ramuka a jere a bayan itacen, ta gefen da ba a zama, sun kusa shafewa. Wurin turakun da Hussaini ya kafa ya taka ne.

"Da ƙafar nan tasa," ta ce. "Cikin duhu."

Aka yi masa sutura a zauren dagaci. Likkafanin ƙarami ne kamar na yaro. Mutanen da suka zo salla sun fi na ranar Idi, har daga Maska da Dandume, yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ya ɓata. Maza suka ɗauke shi zuwa maƙabarta, mata suka zauna a gidan Malam Awaisu. Tsofaffin da suka yi zamani da Hajjo suka yi ta shigowa suna durƙusawa, wasu na gaisuwa, wasu na neman gafara, don kowa ya san abin da bakinsa ya taɓa faɗa. Ta tambayi mutumin da ya ce ya gan shi a tasha. Aka ce ya daɗe da rasuwa.

"Wataƙila wani ya gani mai kama da shi," ta ce. "Allah ya ji ƙansa shi ma."

Da liman ya dawo daga maƙabarta ya tsaya daga bakin ƙofa don yi musu gaisuwa, Hajjo ta ce, "Malam, akwai takaba a kaina?"

"Babu, Hajiya. Wannan ya wuce tuntuni."

"To. Amma zan zauna a garin nan har a yi addu'ar bakwai."

Naja'atu ta aika wa yaran shago su rufe sai ta dawo. Alhaji Maitama ya koma Funtua ɗauko musu kaya da abinci. Da yamma mutane suka ragu, aka bar su su uku a ɗakin da matar Malam Awaisu ta gyara musu. Daga dandali ana jin ƙarar inji, an ci gaba da yanka abin da ya rage. Naja'atu ta zuba wa uwarta kunu, ta zauna kusa da ita.

"Inna, wane irin mutum ne?"

Hajjo ta riƙe kofin da hannu biyu. Aisha Humaira ta ajiye waya ta matso.

"Mai surutu ne," in ji tsohuwar daga bisani. "Ba ya iya cin abinci shiru. Ga tsoron kare, ƙato da shi, in ya ga kare sai ya canza hanya. Ranar da aka haife ki ya rina mini zane, ya ƙi bari ya bushe sosai don ɗoki, na ɗaura, duk jikina ya yi shuɗi har ranar suna. Mata suka yi ta yi mini dariya." Ta kurɓi kunun. "Hancin nan naki nasa ne. Ban taɓa gaya miki ba."

Naja'atu ta kai hannu ta taɓa hancinta.

"Sai kuma me?" ta ce.